Auta da Malamarsa a Ƙasar Koriya

Ku ɗauko taswirar duniya, ku dubi gabas mai nisa, can gefen ƙasar Sin. Za ku ga wata ƙasa ta miƙo cikin teku kamar babban yatsa, ruwa ya kewaye ta gabas da yamma da kudu. Sunanta Koriya. Ta arewa ta yi iyaka da Sin, da kuma Rasha ɗan kaɗan. Tsibiran Japan kuwa suna gabas da ita, a ƙetaren teku. Ƙasa ce mai duwatsu ƙwarai, har in an kasa ta kashi goma, wajen kashi bakwai duk tuddai ne da duwatsu. Da damina akwai ruwa da zafi, amma da hunturu sanyi ya kan tsananta har ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat. A yau ƙasar a rabe ta ke gida biyu, Koriya ta Arewa da Koriya ta Kudu. Babban birnin Koriya ta Kudu shi ne Seoul, a bakin Kogin Han.

Akwai wani yaro Bakatsine, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda a ke kira Auta domin shi ne ƙarami a gidansu. Mahaifinsa ya sami aikin koyarwa a Seoul, ya kwashi iyalinsa suka tafi. Da suka isa Auta ya zama kamar kurma, ba ya jin abin da a ke faɗa, ba ya iya karanta ko sunan titinsu. Saboda haka mahaifinsa ya roƙi wata maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana koyarwa kafin ta bar aiki, ta riƙa koya wa yaron harshen ƙasar kwana uku a mako. Aka ce ya kira ta Sonsengnim, watau Malama.

Auta yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma yana da gaggawa. Kullum Malama ta soma ba shi labarin sarakunan da, ko na bukukuwan ƙasar, sai ya yi ta hamma, ya ce, "Malama, ni dai kalmomi na ke so. In na haddace su ai na iya harshen ke nan."

Kuskuren Auta

Malama tana zaune da mahaifinta, wani dattijo wanda ya haura shekara tamanin. Wata rana Auta ya zo karatu, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda kowa ya ke yi a ƙasar, ya tarar da tsohon zaune kusa da taga. Sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Annyong!" kamar yadda ya ji yara suna gai da juna a filin wasa. Malama ta ba shi kwanon shinkafa ya kai wa tsohon. Ya miƙa da hannu ɗaya, ya ce masa ya ci, da irin maganar da yaro ya ke yi wa tsaransa. Tsoho ya dube shi, ya karɓi kwanon, ya mai da fuskarsa wajen taga, bai ce uffan ba.

Da suka koma ɗakin karatu Malama ta ce, "Auta, a garinku za ka tsaya kan kakanka ka ce, 'Kai, zo ka ci'?"

Auta ya ce, "A'a, Malama! Sai in durƙusa in ce, 'Kaka, ga abinci an kawo muku.'"

Ta ce, "To, abin da ka yi wa mahaifina ke nan yau. Kalmominka daidai ne, amma ba nasa ba ne. A harshenmu maganar yaro da yaro daban, maganar yaro da babba daban. Abokinka za ka ce wa annyong, babba kuwa sai annyong haseyo, tare da sunkuyar da kai. Abincin da kai za ka ci sunansa bap, amma in kaka ne zai ci, sai a ce jinji. A garinku ba a miƙa abu da hagu. A nan ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, sai da biyu. In an zauna cin abinci, ba mai taɓa cokali sai babba ya ɗauki nasa."

Kunya ta rufe Auta. Ya koma ya ba tsohon haƙuri, tsoho ya gyaɗa kai kawai. Tun daga ran nan Auta ya daina hamma. Ya gane cewa wanda ya haddace kalmomin mutane bai san al'adarsu ba, kamar wanda aka ba wuƙa ne bai san inda kaifinta ya ke ba.

Sarkin da ya ƙago haruffa

Ran karatu na gaba Malama ta fito da takardar kuɗi ta won 10,000, won kuwa shi ne kuɗin ƙasar. Ta nuna masa hoton wani mutum mai gemu, ta ce, "Wannan shi ne Sarki Sejong. Amma kafin ka san shi, sai ka san waɗanda suka riga shi."

Ta fara da tatsuniyar asalin mutanen Koriya. An ce wai damisa da beyar, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi, suka roƙi ɗan sarkin sama ya mai da su mutane. Ya ba su tafarnuwa da wani ganye mai ɗaci dangin tazargade, ya ce su shiga kogo su ci waɗannan kaɗai, kada su ga rana har kwana ɗari. Damisa ta gaji ta fice. Beyar ta yi haƙuri, ta zama mace, ta haifi ɗa mai suna Dangun, wanda a ke cewa shi ya kafa mulkin farko. Malama ta ce, "Wannan tatsuniya ce, amma har yau muna hutu ran 3 ga Oktoba domin tunawa da kafuwar ƙasarmu."

Sa'an nan ta shiga tarihi na sosai. A zamanin da akwai masarautu uku a ƙasar: Koguryo, da Bekje, da Shilla. A shekarar 668 Shilla ta rinjayi sauran. A 918 aka kafa daular Koryo, kuma daga sunanta ne baƙi suka samo sunan Koriya. Mutanen Koryo gwanayen ɗab'i ne. Akwai wani littafi nasu mai suna Jikji da aka buga da haruffan ƙarfe a 1377, shi ne mafi tsufa irinsa da ya rage a duniya. A 1392 aka kafa daular Joson, wadda ta mai da Seoul babban birninta, ta yi mulki fiye da shekara 500.

Sejong shi ne sarki na huɗu a daular Joson. Ya yi sarauta daga 1418 zuwa 1450. A zamaninsa mutanen Koriya suna magana da harshensu, amma suna rubutu da alamomin Sin, waɗanda yawansu ya kai dubbai. Sai ɗan babban gida mai lokaci ya ke iya koyonsu. Manomi in an zalunce shi ba ya iya rubuta ƙara, in an kafa doka ba ya iya karanta ta. Wannan abu ya dami Sarki ƙwarai. A 1443 ya ƙago sababbin haruffa 28, a 1446 aka bayyana su ga jama'a. Su ne a ke kira Hangul. Yanzu guda 24 a ke amfani da su, baƙaƙe 14 da wasula 10.

Malama ta rubuta ㅁ a kan allo, ta ce, "Ce mm." Auta ya ce. Ta ce, "Da me ka furta?" Ya ce, "Da leɓɓa." Ta ce, "To, wannan hoton baki ne." Ta rubuta ㄴ ta ce, "Wannan shi ne n, hoton harshe ne sa'ad da tsininsa ya taɓa bayan haƙoran sama." Wasula kuwa daga alamomi uku aka gina su: ɗigo a madadin sama, layi a kwance a madadin ƙasa, layi a tsaye a madadin mutum. Auta ya yi mamaki. Kafin mako biyu ya karanta sunan titinsu da kansa.

Ba kowa ne ya yi murna da aikin Sejong ba. Waɗansu manyan malaman fada suka raina haruffan domin sauƙinsu, suka ci gaba da rubutun Sin. Mata da talakawa su suka fi riƙe Hangul, suna rubuta wasiƙu da labaru da shi, har 1894 sa'ad da aka karɓe shi a takardun hukuma. Yanzu kowace shekara ran 9 ga Oktoba ranar hutu ce a Koriya ta Kudu saboda waɗannan haruffa.

Kwanakin wahala

Auta ya ce, "Malama, ban taɓa jin ƙasar da a ke hutu saboda haruffa ba."

Ta ce, "Wanda aka taɓa ƙwace wa abu shi ya san darajarsa." Ta gaya masa yadda Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Daga wajen 1938 aka soma kawar da harshen Koriya daga makarantu, a 1940 kuma aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japan. Waɗansu malamai suka duƙufa suna tattara kalmomin harshen domin su rubuta babban ƙamus, kada harshen ya ɓace. A 1942 aka fara kama su, fiye da mutum 30, aka ƙwace takardunsu, biyu daga cikinsu suka mutu a kurkuku. Da ƙasar ta sami 'yanci ran 15 ga Agusta, 1945, ba a daɗe ba sai aka tsinci takardun nan a wani ɗakin ajiya na tashar jirgin ƙasa ta Seoul, aka ci gaba da aikin.

Amma murna ba ta daɗe ba. Sojojin Tarayyar Soviet suka riƙe arewacin ƙasar, na Amurka suka riƙe kudu. A 1948 kowane ɓangare ya kafa gwamnatinsa. Ran 25 ga Yuni, 1950, sojojin Arewa suka ƙetaro kudu, yaƙi ya ɓarke. Aka yi shekara uku ana gwabzawa, miliyoyin mutane suka hallaka. Ran 27 ga Yuli, 1953, aka sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta, amma har yau ba a ƙulla sulhu na dindindin ba. Tsakanin ƙasashen biyu akwai wani zirin fili mai tsawon wajen kilomita 250 da faɗin kilomita 4, an katange shi da waya mai ƙaya, sojoji na tsaro ta kowane gefe.

Bikin Cusok

Da damina ta wuce, shinkafa ta nuna, sai Auta ya ga birni ya soma zama fayau. Motoci suka cika hanyoyin fita gari, tikitin jirgin ƙasa ya yi wuyar samu. Malama ta ce, "Cusok ne ya zo, bikin kaka." A kan yi shi ran 15 ga wata na takwas a lissafin wata irin na ƙasar, daren da wata ya ke cika, ya kan faɗo cikin Satumba ko farkon Oktoba. Hutun kwana uku ne, kowa na ƙoƙarin komawa garinsu.

Auta ya ce, "Ashe ku ma kun san zumunta a ƙafa ta ke."

A lokacin nan dangi su kan je kaburburan kakanninsu su nome ciyawa, su share. A gidaje da yawa a kan jera sabuwar shinkafa da 'ya'yan itatuwa a kan tebur da safe domin girmama magabata. Waɗansu gidajen kuma, musamman na Kirista, addu'a su ke yi a maimakon haka. A da, maza su kan yi kokawa a kan rairayi, wanda ya ka da kowa a ba shi bijimi. Mata kuwa su riƙe hannun juna su yi da'ira, suna rawa a farin wata.

Malama ta koya wa Auta yin songpyon, abincin bikin. A kan kwaɓa garin shinkafa, a cusa masa riɗi da zuma, ko wake, a naɗe shi kamar rabin wata, sa'an nan a turara a kan ganyen wata itaciya mai siririn ganye kamar allura, domin ya yi ƙamshi kuma kada ya manne. Na Auta duk suka fito a karkace, Malama ta yi ta dariya.

Sai Auta ya ce, "Malama, ku yaushe za ku tafi garinku?"

Dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Gobe ka roƙi babanka ya bar ka ka raka mu."

Kashegari suka shiga mota su uku, suka yi arewa tafiyar wajen sa'a ɗaya, har suka isa wani wuri da a ke kira Imjingak, a bakin Kogin Imjin, kusa da iyaka. Auta ya ga shingen waya an ɗaɗɗaure shi da ƙyallaye masu launi iri iri, kowane da rubutu a jiki. Ya ga tsofaffi a layi gaban wani dandamali na dutse, suna ajiye abinci, suna rusunawa suna fuskantar arewa.

Malama ta yi ƙasa da murya ta ce, "Garin mahaifina yana can Arewa. A Disamba 1950 jiragen ruwa suka kwashe fararen hula kusan 100,000 daga tashar Hungnam zuwa kudu. Yana cikinsu, yana da shekara goma, tare da iyayensa. Suka bar ƙanwarsa wurin kakarsu, suna tsammani bayan 'yan makonni za su komo. Tun daga ran nan bai sake ganinta ba. Ba a aika wasiƙa can, ba a buga waya. Bai sani ba ko tana da rai."

Auta ya ce, "Ba a taɓa barin mutane su gana ba?"

Ta ce, "An yi, amma kaɗan. An fara a 1985, aka ci gaba jefi jefi daga 2000, na ƙarshe kuwa a Agusta 2018. Fiye da mutum 130,000 suka ba da sunayensu a nan Kudu, da ƙuri'a a ke zaɓen 'yan kaɗan. Ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba. Mafi yawan waɗanda suka ba da suna sun riga sun rasu."

Auta ya dubi tsohon yana ajiye songpyon a kan dutse da hannu biyu, hannuwansa na rawa. Sai ya tuna tagar da tsohon ya ke zama kullum arewa ta ke kallo. Da ya ɗauka fushi ne ya sa shi shiru, ashe kewa ce.

Bikin Sollal

Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta zubo. A ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu a ke yin Sollal, watau ranar farko ta sabuwar shekara a lissafin wata. Shi ma hutun kwana uku ne. Mutane da yawa su kan sa hanbok, tufafinsu na gargajiya masu launi. A kan sha miyar tokguk, romon nama da aka zuba wa yankakken tuwon shinkafa fari, mai kama da kwabo. A al'adar da, jariri da an haife shi a kan ce shekararsa ɗaya, kowa kuma yana ƙara shekara ran sabuwar shekara, shi ya sa a ke ce wa yara sai sun sha tokguk za su ƙara girma. A 2023 hukuma ta sa doka a riƙa ƙidaya shekaru daga ranar haihuwa, amma zancen miyar bai mutu ba. Bayan cin abinci a kan yi wasan yut, a jefa 'yan sanduna huɗu sama, yadda suka faɗi shi zai nuna taku nawa mutum zai yi a kan allon wasa.

Babban abu a wannan rana shi ne sebe, gaisuwar da yara su ke yi wa manya. Yaro ya kan durƙusa ya kai goshinsa kan hannuwansa a ƙasa, babba ya sa masa albarka, ya ba shi kuɗi. Auta ya shawarci mahaifinsa, sa'an nan ya ce wa Malama, "Mu ba mu kai goshi ƙasa don mutum. Yaya zan yi?"

Ta ce, "Ba a tilasta wa baƙo. Ka gai da shi yadda ka ke gai da kakanka, amma da harshenmu."

Ran Sollal da safe Auta ya sa rigarsa ta Salla da hula. Jikokin tsohon suka yi sebe ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Auta sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haraboji, sehe bok mani baduseyo." Ma'anarsa, "Kaka, ku sami alheri mai yawa a sabuwar shekara." Ya miƙa masa ƙunshin dabino da hannu biyu. Da aka kawo abinci ya ce masa ga jinji, bai kuwa taɓa cokali ba sai da tsoho ya ɗauki nasa.

Tsoho ya daɗe yana dubansa. Can sai ya yi murmushi, ya ba shi kuɗi a ambulan daidai da na jikokinsa, ya tambaye shi ina ne garinsu, wa kuma ya bari a can. Auta ya ce ya bar kakarsa da yayarsa. Tsoho ya ce, "To, ka rubuta musu wasiƙa yau, kada ka bari sai gobe. Kai taka za ta isa."

Da dare Auta ya zauna ya rubuta wasiƙa da Hausa, a ƙarshenta ya sa sunansa da haruffan Sarki Sejong.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne maƙwabtan Koriya?
2. Wane kuskure Auta ya yi wa mahaifin Malama?
3. Me ya sa Sarki Sejong ya ƙago sababbin haruffa? A wace shekara aka bayyana su ga jama'a?
4. Me ya sami malaman da su ke rubuta ƙamus a 1942?
5. Faɗi abubuwa uku da a ke yi a bikin Cusok.
6. Don me tsofaffi su ke zuwa Imjingak?
7. Yaya Auta ya gai da tsohon ran Sollal?

Aiki

Rubuta yadda ka ke gai da abokinka, da yadda ka ke gai da kakanka, ka nuna bambancin da ke tsakani. Sa'an nan rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga wani ɗan'uwanka da ke nesa.